Sunan Aro a Kan Faifan Garmaho

Kakar bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka kai mahaifina makwancinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tanut da Belbeji. Ana tsakiyar yankan hatsi ya rasu, har wasu suka zo jana'iza da ƙaiƙayi a wuyan riga. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, kuma ba don rashin abin faɗa ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, da jan bik na gyaran rubutu a aljihu, duk wanda ya zauna a ajina zai shaida muku ba na iya ganin kuskure in wuce. Ko allon shago na gani an rubuta shi ba daidai ba sai na tsaya na yi magana, matata tana jan hannun rigata. To akwai kuskure guda da ya fi kowanne ci mini rai. Na san shi, na san gyaransa, Baba kuma ya hana ni taɓa shi.

Watan jiya 'yata Rabi, wadda ke aikin ungozoma a Damagaram, ta zo gida ta miƙo mini wayarta. Wani tsohon kiɗan rawa ne ya tashi, irin wanda baƙaƙen Amurka suka kai Turai ake ce masa jaz, da ƙarar faifai a ƙarƙashinsa kamar ana suyar gyaɗa. An jera sunayen makaɗan, na huɗunsu an rubuta Harou Damergou, mai busa turombon. Turombon ƙaho ne na farin ƙarfe mai dogon hannu, ana tura hannun ana janyo shi, sautin yana zamewa sama da ƙasa kamar muryar mutum. Baba ne ya busa shi a wannan faifan. Haru kuwa wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda har ya koma ga Allah bai taka ko Damagaram ba, balle ya san akwai wani abu wai shi faifai.

Kafin in faɗi yadda aka yi sunan wa ya hau kan aikin ƙane, sai na kai ku bakin rijiya. Wanda bai san Damargu ba ba zai gane zurfin rijiyoyinmu ba. Hannu ba ya jawo wasaki daga can, sai a ɗaura igiya a jikin sa, mutum ɗaya ya kora san ya yi nisa, ɗaya ya tsaya a baki yana jiran wasakin ya fito. In ya fito, na baki sai ya yi kira, mai korar sa ya tsaya ya juyo. Kowane mai tsayuwa a baki da irin kiransa, don kada shanu su rikice in an yi yawa. A gidanmu Haru ne a baki, Baba ne mai kora. Kiran Haru dogo ne, yana hawa a hankali, sa'annan ya karye sau biyu ya sauko. Ma'anarsa dai ya isa haka, ka juyo. Tun Baba yana ɗan shekara bakwai wannan kiran ke dawo da shi, sau ba adadi a yini.

A farkon shekarun 1920 Nasara na ɗaukar soja gari-gari. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Kakanmu ya riga ya rasu, saboda haka gidanmu aka duba, aka rubuta Haru. Shi ke riƙe da gandu, ga tsohuwa mahaifiyarsu, ga matarsa Zaliha da tsohon ciki. Ranar da gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo ya kira sunan a ƙofar mai gari, Baba ne ya miƙe ya amsa. Duk garin sun san ba shi ba ne, ba wanda ya ɗaga kai. Mai gari ma bai damu ba, kai ɗaya aka ce ya kawo, ga kai ya samu. Haru ya yunƙura zai yi magana, tsohuwa ta riƙe masa ƙafa. Ya raka ayarin har bayan gari, bai sami abin da zai ba ƙanensa ba sai ƙoƙon da suke shan ruwa da shi a bakin rijiya.

Suna linzami ne, in ji mutanen da. Wannan linzamin ya ja Baba zuwa barikin Damagaram, inda aka damƙa masa begila. Ya ce da farko ƙin karɓa ya yi, don a ganinsa ƙanen kakaki ne, kakaki kuwa sai sarki, shi kuma ba ɗan gidan roƙo ba ne. Wani sarjan ya warware masa tarihin sarauta da mari ɗaya. Daga can aka wuce da su bakin teku, daga bakin teku sai Faransa. Can ne shugaban masu busa ya bi layi yana duba haƙora da tsawon hannu kamar mai sayen raƙumi, ya ga hannun Baba ya kusa kai gwiwa, ya ce wannan na turombon ne. Da wa'adin soja ya cika, 'yan'uwansa sojoji suka hau jirgi, shi ya tsaya. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya faɗa cikin makaɗan gidajen rawa, har ya kai Pari. Turawan Faransa ba sa iya furta harafin farko na sunan, sai su ce Aru. Baba ya ce duk lokacin da aka kira shi haka yakan ce a ransa, kun faɗi gaskiya ba ku sani ba, na aro ne.

Duk wannan gutsure-gutsure na ji shi, shekaru da yawa bayan haka, kuma labarin ɗaukar faifai shi kaɗai ne yake bayarwa yana murmushi. Ya ce a farko wani ƙaton mazurari ake kafawa a ɗaki, kowa ya busa a cikinsa, allura tana zana sautin a kan kaki. Ƙahonsa ya fi na kowa ƙarfi, in ya matso sai allura ta yi tsalle ta ɓata aiki, saboda haka aka ja masa layi da alli can jikin bango aka ce kada ya ƙetare. Minti uku ne, ba ƙari. In mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a ƙarshe, an yi asarar kakin, kowa ya koma farko yana hararar mai laifi. Daga baya makirfo ya zo, aka bar shi ya matso cikin mutane. Sauran masu busa sukan toshe bakin ƙaho da hula ko roba don sautin ya yi kamar magana. Shi ƙoƙon nan yake sawa, yana buɗewa yana rufewa. In an zo wurin da ake sakar masa fili shi kaɗai, numfashi uku ko huɗu, ba ya ɓata lokacin neman abin da zai busa. Kiran Haru yake yi. Makaɗan suka so abin, suka riƙa cewa ya sake, har ya zama da shi ake gane busarsa a faifai bayan faifai.

Abin da bai sani ba, mai kiran ya daɗe a ƙasa. Shekara biyu da tafiyar Baba, Haru ya shiga yasar rijiya, gefe ya rufto masa. Abin da Zaliha ta haifa bai yi kwana arba'in ba. Nan ne sunan aron ya zama ƙaya. Wa zai je bariki ya ce a sanar da soja Haru cewa Haru ya rasu? Ranar da aka faɗi haka, asirin mai gari ya tonu, na gidanmu ya tonu, kuma ba wanda ya san abin da za a yi wa wanda ke hannunsu a can. Sai aka yi shiru. Da masu ƙidayar mutane suka zo suka tarar gidan ya ragu da namiji ɗaya, mai gari ya ba da sunan Baba a cikin matattu. Haka aka wayi gari, a takardar gwamnati mai rai ya mutu, mamaci kuma yana Pari yana busa ƙaho.

Shekara goma sha huɗu ya yi kafin ya dawo. Ya zo da akwatin ƙarfe, a ciki da ƙahon, da faifai uku naɗe a bargo, da babbar riga da ya saya wa wansa a Damagaram. Bai shiga gida ba, rijiya ya nufa, don ya san da hantsi can zai same shi. Ya tarar da wani mutum dabam a baki. Rigar ya ba liman. Ƙahon ya kai wa maƙeran farfaru suka narka shi suka yi mundaye, akwai matan ƙauyenmu da suka yi ado da shi har tsufa ba su sani ba. Ya ɗauki hauya ya koma gandu, ya yi aure a makare, ya haife mu. Sunan da ya amsa shekara goma sha huɗu ban taɓa jin ya furta shi da bakinsa ba. Yaya kawai yake cewa.

Ni da na taso, abin da na sani shi ne Baba tsohon soja ne mai ƙarancin magana, kuma akwai wasu baƙaƙen faya-faye a akwatinsa da ba a taɓawa. Garmaho babu a garin, saboda haka ba wanda ya taɓa jin abin da ke cikinsu. Da na yi wayo na yanke wa kaina hukunci cewa kunya ce. Ɗan manoma ya je ƙasar wasu ya yi roƙo, ya dawo yana ɓoyewa. Na riƙe wannan fassarar shekaru ina jin kaina mai fahimta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga shi kuma an haɗa mini da takardar shaidar koyarwa.

Ina shekarata ta uku da fara aiki a Tanut wani Bature ya sauka, dattijo mai tara tsofaffin faya-faye, yana rubuta littafi a kan waɗanda suka busa a cikinsu. Ya bi sunan Damargu har ya iso ƙauyenmu, ya tambayi Haru. Mutanenmu, da gaskiyarsu, suka ɗauke shi suka kai shi maƙabarta suka nuna masa wani tudu, suka ce ai ya fi shekara arba'in da rasuwa, rijiya ce ta rufta masa. Bature ya duba takardarsa ya ga mutumin nan ya ɗauki faifai shekara goma bayan rijiyar ta rufta. Ya koma Tanut yana neman mai jin Faransanci, aka haɗa shi da ni. Da na ji labarin sai murna ta kama ni. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau duniya za ta san ubana.

Da hantsi muka same shi a gindin aduwar ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Bature ya ajiye rikoda a kan tabarma ya danna. Baba bai ɗago ba, amma na ga wuƙar ta tsaya a hannunsa. Kiɗa ya yi ta tafiya, sai aka zo wurin da kowa ya lafa, ƙaho ɗaya ya tashi, ya hau a hankali, ya karye sau biyu ya sauko. Inna Zaliha, wadda ta yi wani auren a garin ta tsufa, tana bayan zana wurin mahaifiyata. Sai muka ji muryarta: "Wa ke kira a bakin rijiya?" Ta fito tana dafa zanar, ta dubi rikodar, ta dubi Baba. Ba ta ambaci sunan ba, mace ba ta kiran sunan mijinta na fari. Cewa ta yi, "Wannan ai kiran mai gidan nan ne." Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bature ya ce in tambayi tsohon ko shi ne Harou. Baba ya ce, "Ka ce mishi abin da ke rubuce daidai ne, ya bar shi haka." Na ce, "Baba, kuskure ne fa. Littafi zai shiga. In ya shiga ba mai fitar da shi." Ya dube ni, duban da ban manta ba, ya kira ni yadda ɗalibai ke kirana, ya ce, "Mushe, nan ba lakol ba ne. Ka faɗa mishi abin da na ce." Bature ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Da na so, da na faɗi sunan Baba da Faransanci, a rubuta, ba wanda zai sani sai ni da Allah. Na buɗe baki da niyyar haka, wallahi. Amma ban taɓa saɓa masa a gaban baƙo ba, sai na ji harshena ya fassara maganarsa yadda ya faɗe ta. Bature ya rubuta, ya ɗauki hoton ƙoƙon, ya tafi yana godiya.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu ban kwana a ƙauye ba, in na zo gaisuwa a tsaye nake yi. A ganina ya binne kansa da hannunsa saboda tsoron bakin mutane, ya kuma sa ni na riƙe masa shebur. Zanen aro ba ya rufe katara, na faɗa wa mahaifiyata, yau shekara nawa yana yawo da sunan wani? Ta ce in je in faɗa masa da kaina in na isa.

Ban isa ba, shi ya kira ni. Da rani ne, ya ce in raka shi rijiya ya ga shanu. Muka tsaya nesa kaɗan muna kallon masu ja. Ya ce, "Ka ɗauka kunyar busa nake ji. Ban ji kunyarta a can ba, balle nan." Sa'annan ya ce, "Na ari sunansa don ya zauna ya rayu. Ni na rayu, shi bai rayu ba. Bai bar ɗa ba, bai bar gona da sunansa ba, tudun ma iska na cinye shi. Ni ina da ku bakwai, kowa ya gan ku ya tuna da ni. Shi wurin nan ɗaya ne ya rage inda ake kiran sunansa. Kuma abin da ke cikin faifan, kai ma ka ji, ba nawa ba ne. Kiransa ne, ni iska kawai na sa. In aro ne, to wannan ce hanyar da na samu ta mayarwa." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ni da nake yi wa mutane gyara.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Rijiyar tana nan, amma an kafa famfo mai aiki da hasken rana kusa da ita, yara na buɗe kai ruwa na zuba. Da ya yi murna, don ya san abin da rijiya ta ci a gidanmu. Sai dai ba mai tsayuwa a baki yanzu, ba mai kira, kuma na tambayi samarin garin ba wanda ya san kowane gida da nasa kiran a da. Waƙoƙin zamani kuwa, da an ce masa mutum na iya yin kuskure ɗari inji ya share masa, na san dariya zai yi ya ce a kai su ɗakin kaki su yi minti uku a bayan layin alli. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji in ya ga Rabi ta ciro kiran wansa daga jakarta a tsakar gida. Rabi ta nuna mini mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba sun yi rubutu a ƙarƙashin kiɗan suna yaba Harou. Wani ya ce bai san abin da ƙahon ke faɗa ba, amma ji yake kamar ana kiransa gida. Wannan mutumin, ko wane ne shi, ya fi ni kunne.

Rabi ce kuma ta nuna mini cewa akwai wurin da ake aika gyara. Ta ce, "Baba, layi ɗaya ne. Ka faɗa in rubuta, gobe sunan Kaka ya hau." Inna Zaliha ta rasu, mai gari ya rasu, Nasara sun tafi, ba sauran wanda za a kama. Cikin mu bakwai ni kaɗai na rage da ya ji maganar bakin rijiya, in na bi su gyaran ya bi ni. Na karɓi wayar na riƙe, na daɗe ina kallon sunan. Son in ga sunan ubana a rubuce bai ragu ba ko kaɗan, ƙarya ne in ce ya ragu. Na mayar mata na ce ta sake sa mini kiɗan.

Abin da ya rage na Baba ba shi da yawa in an auna. Faifai uku, ɗaya ya tsage. Ƙoƙo mai ɗinki biyu da ke rataye a ɗakina. Jikoki da ba su san shi ba amma sun gaji dogon hannunsa. Sai kuma wannan kuskuren, wanda na gane a makare cewa shi ne abu mafi daidai da na taɓa gani an rubuta. Mai karatu mai lura zai ga na kawo ƙarshe ban faɗi sunan mahaifina ba. Ba mantuwa ba ce. Labarin na ba ku don kada ya bi ni kabari, sunan kuwa na bar shi inda ya ce a bar shi.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, Allah ya jiƙansu ya haɗa su a inuwa ɗaya. In kun rasa sunan da za ku ambata, ku ce Haru. Su biyun duk suna amsawa.